Shekarar da Hausa Ta Bar Bakin Yaya Binta

Na daɗe ina ɗage rubuta wannan babin. Na ƙuruciyata a unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui da na tafiyata karatu duk sun zo mini da sauƙi, amma da na iso shekarar da aka yi wa Yaya Binta aiki a kai, sai alƙalami ya yi nauyi. Ku 'ya'yana kun ji labarin a bakin mutanen gida, ku kuma 'ya'yanta a cikinsa kuka tashi. Abin da kuka ji ba ƙarya ba ne, sai dai da saura, kuma sauran a wurina yake. Ba na so in tafi da shi.

Yaya Binta ce 'yar fari a ɗakinmu, ni ne auta, kuma a bayanta na fi zama fiye da bayan Inna. Tana da shagon atamfa a cikin kasuwa. Sango, harshen garin, a bakinta kamar ta 'yan ƙasa, tana da Faransancin da ya ishe ta ciniki, Hausa kuwa ta gida ce. Inna ta zo Bangui tana amarya daga arewa, ta shekara fiye da arba'in a gari, amma Sangonta ba ta wuce ta gaisuwa da tayin kifi a ƙofar gida ba. Kowace safiya, kafin ta buɗe shago, Yaya kan taho daga gidan mijinta a unguwar Kokoro ta biyo ta wurin Inna, su zauna a tabarma ɗaya suna hira har rana ta ɗaga. Saboda kunyar ɗan fari Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, Ta Kasuwa take ce mata, amma duk gidan an san ba ta da abokiyar shawara kamarta. Mijin Yaya, Alhaji Tanimu, mai siton sukari da fulawa, mutum ne marar yawan magana.

A lokacin ina aiki a wata cibiyar bincike a Turai. Mutanen gida suna ce mini likita, na gaji da gyara musu. Ni lissafi na karanta, aikina kuwa shi ne nazarin hotunan ƙwaƙwalwa yayin da take aiki. Dole in yi muku bayaninsa kaɗan, domin in ba ku gane shi ba, ba za ku gane laifina ba. Idan wani sashe na ƙwaƙwalwa ya kama aiki, jini kan ƙaru a wurin bayan 'yan daƙiƙu, kamar yadda 'yan babur ke taruwa inda babbar mota ta sauke kaya. Akwai na'ura mai kama da rami da ake kwantar da mutum a ciki, tana ɗaukar hoton kai gaba ɗaya kowane ɗan lokaci, ɗaruruwan hotuna a jere. Ana ba mutum aiki na rabin minti, ya huta rabin minti, a yi ta maimaitawa. Daga nan sai irina su karɓa. Mukan yanka ƙwaƙwalwar a lissafi zuwa dubban 'yan gutsattsari, kowanne bai fi ƙwayar masara ba, mu tambayi kowanne: kana tashi lokacin aiki, ka sauka lokacin hutu? Canjin ƙanƙane ne ƙwarai, yana nutse cikin bugun zuciya da numfashi da motsin kai. Saboda haka a ƙarshe sai an sa rariya. In idonta ya yi ƙanana, abin da yake tabbas ne kawai zai wuce, amma za a rasa wasu na gaskiya. In ya yi faɗi, na gaskiya za su wuce tare da tsakuwa. Jan launi da rawaya da kuke gani a irin waɗannan hotuna ba na'ura ce ta gan su ba. Mutum ne ya zaɓi rariya.

Ciwon Yaya ya fara da faɗuwa. Tana auna wa wata mata yadi ta zube, jikinta na karkarwa. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka je asibiti, faɗuwar na ƙaruwa. Da aka kai ta ƙasar maƙwabta aka ɗauki hoto, sai ga ƙari a gefen hagu na ƙwaƙwalwa, kusa da inda magana ke fitowa. Na nema mata hanya ta zo inda nake, ita da Alhaji. Likitar fiɗa, wata dattijuwa mai haƙuri, ta ce ƙarin yana girma a hankali kuma cire shi ya fi, amma tana so ta san inda harshe yake kafin ta sa wuƙa. Gwajinsu na Faransanci ne. Ni na tashi na ce matar nan harsuna uku gare ta, a bar ni in shirya na Sango da na Hausa. Suka yarda, suka kuma bar mini nazarin waɗannan biyun, tunda babu mai jin su sai ni.

Aikin da aka ba ta mai sauƙi ne. Za ta ji sunan abu a kunne, ta tuna a zuci abin da ake yi da shi, ba tare da ta motsa baki ba. In ta ji wuƙa, ta tuna yanka. Da muryata na naɗi kalmomin. Na Faransanci ya tafi lafiya, na Sango ma haka. Da aka zo na Hausa, ina zaune a bayan gilashi sai na ga ƙafafunta suna rawa. Shekarun da na yi a waje sun sandarar mini da harshe ban sani ba. Na nufi garin tuwo, ya fito garin mutane. Na nufi kukar miya, ta fito kukan hawaye. Yaya tana kwance cikin na'ura tana danne dariya, kanta na girgiza. Da aka fito da ita har da hawaye, ta ce a Turai an sayar mata da ƙane an ba ta bature. Mai kula da na'urar ya duba ya ce kan ya motsa da yawa, ko a sake? Sakewa na nufin jiran makonni, ga Yaya ta ƙosa ta koma gida ta ga Inna kafin ranar aiki. Na ce a bari, zan gyara da lissafi. Na faɗi haka da gadara, don a lokacin ana yaba mini a kan wannan gyaran.

Muka dawo Bangui tare, ana tsakiyar damina. Na kafa kwamfutata a ɗakin marigayi Baba, ina aiki da rana duk sa'ad da aka kawo wuta, ina jin ruwa na dukan kwano da hayaniyar titin Koudoukou daga nesa. Gidan ya rabu biyu. Inna ta ce ba a buɗe kan mutum kamar ƙwarya, ta gwammace 'yarta ta yi ta faɗuwa a gabanta da a mayar mata da gawa cikin akwati. Alhaji Tanimu ya ce shi dai abin da masana suka gani. Yaya kuwa na san ta: in Inna ta ce a'a har zuci, ba za ta hau jirgi ba. Kowa ya zuba mini ido, ana jiran hoto.

Taswirar Faransanci da ta Sango suka fito tsaf, launinsu a taru wuri ɗaya, da ɗan tazara tsakaninsu da ƙarin. Ta Hausa ce ta hana ni sakat. Na jera hotunan na daidaita su, na cire abin da motsin kai ya jawo, na sa matsattsiyar rariya irin wadda muke sawa in za mu buga sakamakon bincike. Launi ya fito a inda na sauran biyun yake, gefen ƙarin fes. Da na sassauta rariyar kaɗan, sai ga wani ɗigo, bai fi ƙwayar wake ba, manne da bakin ƙarin ta baya. Na matse, ya ɓace. Na sassauta, ya dawo. Matsalar ita ce Yaya ba ta yi dariya lokacin hutu ba, sai lokacin da kalmomi ke shiga kunnenta. Motsi da aiki sun zo tare, sun cakuɗe. In na cire motsin, ina iya cire aikin tare da shi. In na bar shi, ina iya ɗaukar girgizar kai a matsayin magana. Babu lissafin da zai raba su, kuma na sani.

Na san wani abu kuma, wanda har ɗalibai nake koya wa. Matsattsiyar rariya ta masu bincike ce, waɗanda tsoronsu shi ne su ce akwai alhali babu. Mai fiɗa tsoronsa daban ne: kada a ce masa babu alhali akwai. Ga shi kuma jijiyoyin jini da ke kusa da ƙari ba sa amsawa da ƙarfi, don haka ɗigo mai rauni a irin wannan wuri ba abin rainawa ba ne. Likitar ta riga ta gaya mini cewa in akwai shakka, za ta sake gwajin, ko ta yi aikin Yaya tana farke, ana taɓa wuri ana sa ta magana, ni ina tsaye ina fassara. Na auna yadda zan gaya wa Inna za a buɗe kan 'yarta idonta biyu. Na san a nan maganar za ta mutu, ƙarin kuma ya ci gaba da girma. Kwana tara ina juya wannan a raina.

A rana ta tara, bayan azahar, Yaya ta shigo da kwanon dafaffiyar gyaɗa ban ji tahowarta ba. Taswira mai ɗigo ce a kan allon. Ta riga ta saba da hotunan, ta san farin dunƙulen nan shi ne ciwonta. Ta sa yatsa daidai wurin.

"Auta, wannan fa, da ya rungumi abin?"

"Dariyarki ce, Yaya," na ce. "Kanki ne ya motsa. Ba komai ba ne."

Ta daɗe tana kallona, irin kallon da take yi wa mai kawo mata atamfa in ya rantse ba ta zuba. Sannan ta ajiye kwanon, ta ce Allah ya sa haka ne, ta fita.

A ranar na aika wa likitar rahoto. Na rubuta cewa gwajin Hausa ya sami motsi, an gyara, kuma ba a ga wani abin dogaro kusa da ƙarin ba. Kowace kalma a ciki gaskiya ce, amma taswira ɗaya na haɗa da shi, marar ɗigon. Washegari na buga ta a takarda na kai tsakar gida. Inna ta riƙe ta a juye, Alhaji ya gyara mata. Na nuna musu launi, na nuna ƙari, na nuna tazarar da ke tsakani. Inna ta tambaye ni ko wannan hoton gaskiya yake faɗi. Kafin in buɗe baki Alhaji Tanimu ya riga ni. Ya ce shi ya gamsu, shi zai sa hannu, kuma in wani abu ya faru a wuyansa yake. Inna ta dube shi ta ce ta ji, ta kuma riƙe.

Muka koma Turai, aka yi aikin tana barci. An cire ƙarin duka, kuma daga ranar har ta koma ga Allah, shekara goma sha ɗaya, ba ta sake faɗuwa ba. Wannan ma ku riƙe shi, don yana cikin gaskiyar. Kwana uku ba ta yi magana ba, likitoci suka ce kumburi ne, zai sauka. A na huɗu ina zaune gefen gadonta ta buɗe ido ta ce, "Mbi ye ngu." Ruwa take so, da Sango. Na ba ta cikin murna. Na ce mata sannu Yaya, yaya jikin? Ta gane ni sarai, ta buɗe baki za ta amsa, leɓunanta suka yi ta neman kalmar, ba ta zo ba. Ta sake gwadawa. Sai ta juya fuska bango.

Cikin watanni Sango ta dawo mata kusan duka, Faransancin ciniki ma ya dawo. Fatiha da surorin sallarta ba su taɓa tafiya ba. Hausa kuwa tana jin komai, har ba'a tana ganewa ta yi murmushi, amma in za ta faɗa sai kalma ɗaya ko biyu su fito a karye, sauran su maƙale. Likitoci suka ce hakan na faruwa ga masu harsuna da yawa, ba a cika sanin dalili ba.

Ina nan ranar da ta shiga ɗakin Inna. An shimfiɗa tabarmar, an dama kunu. Inna ta yi ta jero tambaya, Yaya na amsawa da Sango, Inna na kallon bakinta kamar mai kallon baƙuwa. Aka kira matar maƙwabci ta fassara, amma hirar uwa da 'ya ba ta bi ta bakin mutum na uku. A ranar na ji abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Inna ta kama fuskarta da hannu biyu ta kira sunanta.

"Binta. Ki ce Inna kawai. Shi kaɗai nake so."

Yaya ta yi ta ƙoƙari har jijiyar wuyanta ta tashi. Abin da ya fito shi ne "Mama," yadda 'yan gari ke faɗi.

Ba su daina zaman safe ba. Inna na magana, Yaya na gyaɗa kai, wani lokaci ta amsa da hannu. Amma shawara ta ƙare, gardamar da suke yi a kan auren jikoki da farashin goro ta ƙare. Inna ta tattara duk baƙin cikinta ta ɗora wa wanda ya ce a wuyansa yake. Ta daina cin abincin da aka aiko daga Kokoro. In Alhaji Tanimu ya zo gaisuwa ya durƙusa a ƙofar ɗaki, sallama kawai take amsawa. Ta ce ya yi gaggawa don yana so matarsa ta koma shago. Wannan maganar ta bi gidan, ta shiga kunnuwan yara, na kuma san wasunku har yau da ita suke kallon mahaifinsu. Shi bai taɓa kare kansa ba. Duk Juma'a yana zuwa ya durƙusa, har Inna ta rasu. Ni kuwa, da aka fi yaba wa don na kai ta Turai, na koma bakin aikina hutuna na ƙarewa.

Bayanan gwajin nan suna wurina har yanzu. Duk lokacin da aka fito da sabuwar hanyar raba motsi da aiki, su nake fara gwadawa a ɓoye. Wata hanyar ta goge ɗigon, wata ta ƙara masa haske. Na taɓa ba wa abokan aiki biyu ba tare da na faɗa musu na waye ba, ɗaya ya ce motsi ne, ɗaya ya ce shi ba zai yanka wurin ba. Don haka ba zan ce muku Hausar Yaya a ɗigon nan take ba. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Laifina ba kuskuren lissafi ba ne. Laifina shi ne ina da shakka, na mayar da ita tabbas, na miƙa wa mutanen da suka amince da ni. Tun daga shekarar ban sake ba likita taswira ɗaya ba, sai biyu ko uku, da bayanin abin da ban sani ba a sama. Wasu sun ce ina wahalar da su. Mutum nawa hakan ya amfana, Allah ne masani, amma bai mayar wa Inna da hirarta ba.

Da Yaya ta rasu na zo gida. Bayan addu'ar bakwai, ranar Juma'a, muka fito daga Masallacin Koudoukou ni da Alhaji Tanimu, muka taka a ƙasa har sitonsa. Ya tsufa, yana jan ƙafa. Ya sa aka fito mana da benci a inuwa. A nan na gaya masa komai, tun daga tayin sake gwaji da na ƙi har taswirar da ban aika ba. Ina magana yana kallon masu dako suna sauke buhuna.

"Ta gaya mini," ya ce. "Ranar da ta kai maka gyaɗa. Ta ce Auta ya ga wani abu yana ɓoyewa, tun yana yaro in zai yi ƙarya kunnensa yake sosawa."

Na tambaye shi, to me ya sa ya sa hannu, me ya sa ya ce a wuyansa? Ya ce ita ta roƙe shi. Ta ce ta gaji da faɗuwa a gaban mutane, tana so ta ga auren 'ya'yanta, kuma in an tsaya bincike Inna za ta hana. Ta ce ko me zai tafi, ya tafi. Na ce to bayan nan fa, shekara da shekaru Inna na juya masa baya, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta wanke shi. Ya juyo ya dube ni a karo na farko.

"Malam Isa, tsohuwar nan ta riga ta rasa hirar 'yarta. In ta juya wa suruki baya, za ta ci abinci ta yi barci. Kai ɗanta ne. In kai ta juya wa, da wa za ta rage?"

Na nemi gafararsa, ya ce ya yafe tun ba a je ko'ina ba, amma kada in tayar da maganar, yara sun saba da yadda suka san ta. Na yi masa alkawari, na riƙe shi shekara shida. Bana na je na ce masa zan karya, ya ce ni dai da taurin kai kamar yayata.

Yana nan da ransa a Kokoro, idonsa ya yi rauni, ba ya iya karatu. Wanda ya fara gama wannan babin a cikinku ya ɗauka ya je ya karanta masa, da Hausa, a hankali. Kada ku aika. Ku je da ƙafarku.